Buhunan da Ɓera Ya Ƙi

Duk unguwar babu wanda ya san ainihin sunansa sai matarsa, ita ma sai ta ɗan yi tunani. Buhu-Biyu ake ce masa, domin shekara arba'in da ya yi yana dako a bakin sito bai taɓa yarda a ɗora masa buhu ɗaya ba. Ɗaya a ka, ɗaya a kafaɗa, ya hau katakon da aka jingina da mota yana fito. Samarin yanzu masu tura baro suna haki ba su san dako ba, labarinsa kawai suka ji.

Kuma shi ne mutumin da ya ga babbar yunwa da idonsa, tun gemu bai fito masa ba. Ya ci ganyen da akuya ta sansana ta kau da kai. Ya yi kwana tara a kan ruwa zalla, a rana ta goma ya saɓi jaki ya haye rafi da shi. Idan masu sauraro sun yi yawa jakin yakan zama biyu. A waccan yunwar ya lura da abu ɗaya ya riƙe shi har tsufa: da zarar mutane sun gane gidanka babu komai, gaisuwarsu ma gajarta take yi.

Shi ya sa da ruwan sama ya yi gardama shekara biyu a jere, hatsi ya yi tsadar da sai dai a kalle shi a wuce, Buhu-Biyu ya rufe ƙofa ya yi aikin da ɗan dako na gaske kaɗai zai iya. Ya samo buhuna uku. Ya zuba yashi a ƙasa don su zauna daram, ya cika sama da garin katako don su yi taushin hatsi idan an dafa, ya ɗinke baki da basilla, ɗinkin sito, mai kunne biyu. Ya jera su a ɗakinsa na bakin ƙofa, daidai inda mai wucewa zai hango idan an bar ƙofa rabi a buɗe. Kullum kuwa rabi take a buɗe.

A cikin gida sau ɗaya ake ɗora tukunya. Bakuna huɗu ne: shi, da Tsohuwa matarsa, da Auta 'yarsu wadda mijinta ya tafi neman aiki wata bakwai ba labari, sai jikarsu 'yar shekara biyu da yake kira 'Yar Mitsila. A asibiti an naɗa wa yarinyar wani ɗan tef na awon rama mai launi uku a damtse, kore da rawaya da ja. Tef ya tsaya a rawaya, saura kaurin farce ya shiga ja. Aka ce wa Auta ta riƙa ba ta abinci sau uku a rana, Auta ta ce to.

Ana nan sai ƙungiyar agaji ta shigo unguwa tana bi gida-gida, tana rubuta waɗanda za a ba katin abinci. Ranar da aka zo gidansu, Tsohuwa da Auta sun tafi layin famfo da yarinyar. Buhu-Biyu ne kaɗai, yana zaune a kan tabarma yana sakace haƙoran da rabonsu da tauna tun jiya.

Wata matashiya ce ta yi sallama, da rigar ƙungiya a kan kayanta da wata faffaɗar waya a hannu. Daga baya unguwa ta sa mata suna Mai Tambaya, don ko gaisuwarta tambaya ce.

"Baba, jiya sau nawa kuka ci abinci a gidan nan?"

Buhu-Biyu ya dube ta. Baƙuwa, 'yar mutane, da takalmi mai tsafta, ta zo har ɗakinsa tana tambayar cikinsa. Ta taga kuma ga Tela maƙwabcinsa, abokin tsokanarsa na shekara talatin, ya tsayar da keken ɗinki ya miƙo kunne.

"Sau uku," in ji shi da ƙarfi. "Ban da na marmari."

"A kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa kuka ci nama?"

"'Yata, tambayi kwana nawa ne ba mu ci ba. Haƙorana ne ma suka gaji." Ya ɗaga tsinken sakace ya nuna mata.

"Akwai ranar da wani ya kwana da yunwa?"

"A gidana? Ni da na ga babbar yunwa? Zauna in ba ki labarin jaki."

Ta saurari labarin jaki har ƙarshe, yarinya mai tarbiyya. Sannan ta nuna buhunan ta ce ko za ta iya ɗaukar hotonsu. Ya ce ba a ɗaukar hoton buhu babu mai shi. Ya miƙe ya gyara hula, ya dafa na sama, ya turo ƙirji. Ta tafi tana sa masa albarka, shi kuma ya wuni yana jin kansa kamar ya sauke mota guda shi kaɗai.

Bayan kwana goma aka manna takardar sunaye a bangon makarantar unguwa. Auta ce mai karatu a gidan. Ta bi takardar daga sama zuwa ƙasa, ta dawo daga ƙasa zuwa sama, ta sa yatsa ta sake bi. Sunan Tela yana nan. Sunan mai wanki yana nan, har da mai faci da ke da babur. Nasu babu.

"Me ka gaya wa yarinyar nan?" in ji Tsohuwa, tana tsaye a ƙofar ɗakinsa da muciya a hannu.

"Hira muka yi."

"Wace irin hira?"

"Ta tambayi lafiyar gida, na ce lafiya lau."

"Tela ya ce ka ce haƙoranka sun gaji da nama. Haƙora nawa gare ka, Malam? Buɗe mu ƙirga. Huɗu ne, biyu ma ba sa gaisawa da juna."

"Ke ba ki san mutunci ba."

"Na san shi. Ga shi can guda uku a jingine da bango. Tashi ka kwance mini ɗaya in dafa wa yarinya."

Auta ta shigo ɗakin. Ta kwance goyo ta zaunar da 'Yar Mitsila a tabarma, yarinyar ta rarrafa ta kama babban yatsan kakanta tana ja. Da can idan ta ja yakan yi kamar zai faɗi, ta yi ta ƙyaƙyata dariya. Yau ya ji jan babu ƙarfi ko kaɗan, har ya manta bai faɗi ba.

"An ce akwai teburin ƙorafi ranar rabo," in ji Auta a hankali. "Baba, sai mai gida ya je da kansa."

Ranar rabo filin makaranta ya cika tun hantsi. Manyan motoci biyu, rumfuna, igiya an ja ta an yi layi, samari suna sauke buhuna suna jifa da su kamar ba abinci ba. Buhu-Biyu ya tsaya ya kalli yadda suke jeri, ransa ya ɓaci, amma Tsohuwa ta ja masa riga. Teburin ƙorafi yana gefe, dab da layin maza, kuma wa ke zaune a kai in ba Mai Tambaya ba. Kusa da ita wani babbansu ne mai gilashi, yana ta duba agogo.

"Baba mai jaki," in ji ta da fara'a. "Lafiya?"

"Wai an manta da sunanmu."

Ta latsa wayarta ta sassauta murya don ta rufa masa asiri. To Buhu-Biyu kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, ko da yake bai taɓa yarda ba.

"Ɗaga murya, 'yata, ba gulma muke yi ba."

Ta ɗaga. "An rubuta kuna cin abinci sau uku, ban da na marmari. Nama kullum. Ajiyar hatsi buhu uku, ga hoto."

Layin maza ya juyo gaba ɗaya. Tela, da ke riƙe da katinsa kamar takardar gado, ya leƙo ya ga hoton.

"Kai, ka yi kyau a nan. Kamar mai sito."

"Kuskure ne," in ji Tsohuwa. "Tsufa ne ya sa shi surutu."

Mai Gilashi ya karɓi wayar ya duba. Mutum ne mai magana a tsanake. Ya ce maganar baki ana iya gyara ta, amma hatsin da aka gani aka ɗauki hotonsa ba ya goguwa sai an sake gani da ido. Masu bincike za su zagayo nan da mako uku. Motocin nan kuwa da la'asar za su tashi, duk abin da ya rage su tafi da shi wata unguwa.

"Mako uku," in ji Auta. Ta gyara goyonta, hannun 'Yar Mitsila ya leƙo ta gefen zani, siriri kamar maburgi.

Buhu-Biyu ya dubi hannun. Ya dubi Tela, ya dubi layin maza, mutanen da shekara biyu yana amsa gaisuwarsu daga gaban buhuna.

"Da ido ka ce?"

"Da ido, Baba."

"Kada kowa ya motsa."

Ya juya ya nufi gida da saurin da rabonsa da shi tun ana biyansa. Ya shiga ɗaki ya tuɓe babbar riga, ya naɗe tsohon rawaninsa ya yi gammo, ya soke basilla a hula. Ya kama kunnuwan buhun sama ya ce masa, "Ni na ɗinka ka, kada ka ba ni kunya." Ya durƙusa ya ja shi bisa gadon baya. Gwiwar dama ta yi ƙara, ta hagu ta amsa mata. Wanda ya zuba yashin nan, in ji shi a ransa, ba shi da tausayi. Sai da ya yi yunƙuri uku ɗakin yana juyawa, a na huɗu ya miƙe.

Wanda bai ga tafiyar nan ba bai ga dako ba. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, cikinsa babu komai sai ruwan safe, ya fito titi da buhu a wuya yana taku ɗaya-ɗaya. Mai shago ya bar ciniki ya fito. Matan da ke dawowa daga rabo suka sauke kayansu suna kallo. Wata ta ce ai Buhu-Biyu ne zai kai wa ƙungiya gudummawa, kafin ya kai kwanar famfo labari ya riga shi isa fili cewa ya kawo sadakar hatsi. Da ya shigo ƙofar makaranta har tafi aka yi masa. Ya so ya yi fito kamar da, iska ce kawai ta fita.

Ya sauke buhun a gaban tebur, tim, har gilashin Mai Gilashi ya zamo. Ya tsaya yana haki, yana yi kamar duba sararin sama yake. Nan fa ya ji daɗin tafin nan har cikin ƙashinsa, kuma saura kaɗan, wallahi saura kaɗan, ya ce a raba wa marayu. Sai 'Yar Mitsila ta yi ɗan tari a bayan uwarta.

Ya zare basilla daga hula, ya soka a gindin buhu ya ja.

Yashi ya zubo, ja, mai laushi, ya taru a kan takalmin Mai Tambaya. Bayansa garin katako ya biyo, iska ta kwashe shi ta watsa wa layin maza. Fili ya yi tsit, har ana jin injin mota. Buhu-Biyu ya kafe idonsa a kan yashin, yana jiran gaisuwar unguwa ta gajarta tun daga yau.

Tela ne ya fara magana, yana kakkaɓe garin katako daga gemu.

"To, alhamdu lillahi. Yanzu sai mu huta da yi maka kara."

"Wace kara?"

"Haba, Buhu-Biyu. Buhun da ya shekara biyu bai rage ko tafi ɗaya ba? Buhun da ɓera bai taɓa huda shi ba? Kyanwata ma ta daina shiga gidanka, ta ce ɓata lokaci ne."

"Ni na sayar masa da garin katakon," in ji kafinta daga tsakiyar layi. "Ya ce wai kaji zai shimfiɗa wa. Ina kajin?"

Dariya ta fashe tun daga teburin ƙorafi har bakin motoci. Mai wanki ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Tsohuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, Auta ma da ta kwana biyu ba a ga haƙoranta ba sai ga su. Buhu-Biyu ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Duk kun sani?"

"Har limaminmu," in ji Tela.

"Kuka bar ni ina barin ƙofa a buɗe, sauro yana cinye ni?"

Ya kakkaɓe yashi daga hannunsa. Sannan ya gyara tsayuwa, ya nuna Mai Tambaya da basilla.

"Ku kun sani don kuna leƙen gidan mutane. Amma ga mai ilimi nan, da na'ura a hannu, ƙungiyar da ta zaga duniya ta ga buhu iri-iri. Ta duba, ta ɗauki hoto, ta yarda. A cikinku wa ya taɓa ɗinkin da ya ruɗi ƙungiya? Kai Tela, wandon da ka ɗinka mini ko makaho bai ruɗa ba."

Mai Tambaya tana zazzage takalmi tana dariya har da hawaye. Mai Gilashi ya daure, ya goge gilashinsa ya ce, "Baba, wannan ɗaya ne. A rubuce uku ne."

"Sauran biyun a tafiya ɗaya zan kawo su. Tambayi sunana."

Ya juya zai tafi, ƙafafunsa suka ce ba da su ba. Ya zauna a kan ragowar buhun da sauri, kamar dama niyyarsa ke nan.

"Zauna nan, jarumi," in ji Tsohuwa. Ta karɓe basillar ta dubi Mai Tambaya. "'Yata, gidan ba nisa. Zo ki soka da hannunki, ki leƙa tukunyata ma in kina so."

Mai Gilashi ya duba agogo, ya duba yashi, ya ɗaga mata kai. Kafin su dawo Buhu-Biyu ya riga ya tara samarin da ke sauke kaya yana koya musu jeri: biyar a kwance, biyar a gicciye, baki yana kallon ciki. Da suka gwada suka ga jerin ya daina zamewa, sai suka fara ce masa Oga.

Mai Tambaya ta dawo da yashi a tafin hannu ta nuna wa babbanta, ta zauna ta buɗe sabon shafi.

"Baba, daga farko. Jiya sau nawa kuka ci abinci?"

Ya saci kallon Tela. "Sau ɗaya."

"Su sau ɗaya," in ji Tsohuwa. "Shi ko ɗaya. Kwana uku ke nan yana tura wa yarinya rabonsa, ya fita ya dawo da tsinke a baki wai an yi masa walima a gidan aboki. Wane aboki? Abokinsa ɗaya ne, ga shi nan, shi ma a layi yake."

Wannan karon ba a yi dariya ba. Tela ya sunkuyar da kai yana juya katinsa.

"Rubuta," in ji Buhu-Biyu, ya daki tebur. "Rubuta cewa duk unguwar nan babu wanda ya iya yunwa kamata. Waɗannan duk koyo suke yi. Ni na yi kwana tara."

"Babu gurbin wannan a takardar, Baba."

"To takardarku ba ta cika ba."

Aka buga kati aka miƙa wa Auta, ta riƙe shi da hannu biyu. Aka ba su buhun hatsi, da wake, da galan ɗin mai, da wasu ƙananan ƙunshi na musamman don 'Yar Mitsila, aka ce a dawo da ita bayan mako biyu a sake awo. Buhu-Biyu ya kwance bakin buhun tun a wurin, ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya tono na can ƙasa ya duba. Hatsi ne har gindi.

"Oga, a ɗora maka?" in ji ɗaya daga cikin samarin.

Ya dubi buhun, ya ji gwiwoyinsa suna yi masa gargaɗi.

"Guda ɗaya? Ni? Shekara arba'in ban taɓa ɗaukar buhu ɗaya ba sai yau da larura ta sa, ba zan maimaita ba. Sa a baro."

Haka suka taho, baro a gaba, shi a baya yana ba da umarni a kan kowane rami. A ƙofar gida ya ce a jingina buhun a ɗakinsa, daidai inda ake hangowa. Tsohuwa ta ce a wuce da shi madafa, kuma a rufe ƙofar nan ruf, sauro ya isa haka.

Kafin la'asar hayaƙi ya tashi. Tela ya shigo da kujerarsa wai ya zo duba gwiwa, ya tarar 'Yar Mitsila a cinyar kakanta, hannu dumu-dumu a kwano, shi ma da nasa kwanon a gefe, Tsohuwa tana tsaye a kansa sai ya cinye. Yana ci yana ba yarinyar labarin yadda aka yi, kuma a lokacin buhunan da ya kai fili sun riga sun zama biyu, ɗaya a ka, ɗaya a kafaɗa.

"Ɗaya ne," in ji Tela. "Ina wurin."

"Kana layi. Me ake gani daga layi?"

'Yar Mitsila ta kama babban yatsansa da hannunta mai maiƙo ta ja. Buhu-Biyu ya ajiye kwano a hankali, ya faɗi a tabarma warwas.